Kajiji ne ko aya-aya? Ga yadda ake bambance su

Malam, ka ce wata ciyawa ta cika maka fangalin albasa a fadama, ka tono saiwarta ka ji ƙanshi, shi ne kake tambaya ko kajiji ne ka bar shi ka sayar wa masu turare. Yadda ka siffanta ta, gajera mai ganye kore shar, wannan aya-aya ce. Kada ka kuskura ka bar ta.

Dangi ɗaya ne su biyun, har da ayar da muke kunu da ita. Amma tsinko karan ka murza tsakanin yatsunka. Na aya-aya kusurwa uku gare shi, ba ya murzuwa. Na kajiji kuwa mulmulalle ne sumul, in ya bushe ka shafa sai ka ji gaɓa-gaɓa. Kajiji kusan ba shi da ganye, kara ne miƙaƙƙe da yakan wuce mita 1, kuma sai inda ruwa ke kwanciya yake fitowa, irin bakin kududdufi da gefen Tafkin Chadi. Ita aya-aya da ƙyar take kai gwiwa, furenta ja ne mai duhu, ɗan danshi ya ishe ta.

Ƙanshin da ya ruɗe ka gaskiya ne, tana da shi, sai dai bai kama ƙafar na kajiji ba, wanda matan Barno ke dakawa cikin turaren wuta. Har a Brazil ana yin turare da saiwarsa.

Abin da ya fi damuna yana ƙarƙashin ƙasa. 'Ya'yan aya-aya baƙaƙe ne masu ɗaci, a jere suke, wata siririyar jijiya mai tauri ta sarƙe su. Da ka sa fartanya ka tsinke jijiyar, kowane ɗa sai ya tsiro da kansa, noman ya koma shuka. Shi ya sa manoma a ƙasashe fiye da 90 ke kuka da ita, kuma amfanin gona irin albasa, da ba ya yi mata inuwa, shi ta fi cuta.

Idan ka cire albasar, kafce wurin da zurfi a tsakiyar rani, ka bar 'ya'yan a sarari rana ta ƙona su, ka tsince na tsincewa. Kada ka zuba su cikin taki, can ma za su tsiro.