SmartPLS 4 ga mai rubuta kundin digiri a fannin kasuwanci

Ɗalibin digiri na biyu ko na uku da ya raba takardar tambayoyi mai ma'auni 1 zuwa 5 yakan zo da tambaya irin wannan: shin ingancin hidima ne ke kawo gamsuwar abokin ciniki, gamsuwar kuma ta sa shi ya dawo? Domin irin wannan sarƙa aka yi SmartPLS. Manhaja ce daga Jamus, Christian Ringle da abokan aikinsa suka haɗa ta, siga ta 4 ta fito a 2022. Tana aiki da PLS-SEM, hanyar lissafi ta auna yadda abubuwa ke tasiri a kan juna, wadda asalinta aikin masanin ƙididdiga Herman Wold ne.

Wajen sauƙi dai babu abin kushewa. Ka shigar da fayil ɗin CSV ko Excel ko na SPSS, ka ja tambayoyin kowane ma'auni (abin da kake aunawa, kamar gamsuwa) zuwa fili, su zama da'ira da ƙananan akwatuna a gefenta, ka haɗa da'irorin da kibiya, ka danna lissafi. Ba sai ka rubuta umarni ko layi ɗaya ba. Teburan suna fita zuwa Excel a shirye, alƙaluman da suka cika sharaɗi kore, waɗanda suka faɗi ja. Wannan kore da ja ɗin shi ke ruɗin mutane, domin manhajar duk abin da ka zana za ta lissafa maka, ko da zanen ba shi da kai balle gindi.

Yawancin ɓarna tun a fayil take. Tambayar da aka juya ma'anarta, kamar "ba na sha'awar sake saye a nan" a cikin jerin tambayoyin yabo, dole a juya makinta kafin a shigar: 5 ya koma 1, 4 ya koma 2. In an manta, nauyinta, wato ƙarfin alaƙarta da ma'auninta, ya fito da alamar ragi, ɗalibi ya ɗauka tambayar ce maras kyau ya goge ta. Haka gurbin da ba a amsa ba. Idan ka cike shi da -99 amma ba ka sanar da manhajar cewa alama ce ba, za ta ɗauke shi a matsayin amsa ta gaske, matsakaicin ya nutse. Saƙon kuskuren da ke tsayar da lissafi gaba ɗaya kuwa sau da yawa daga tambayar da kowa ya ba amsa ɗaya yake, ko wadda aka saka sau biyu.

Alƙaluman da masu jarrabawa ke dubawa sanannu ne: nauyin kowace tambaya ya kai 0.708, AVE (matsakaicin bambancin amsoshi da ma'auni ya bayyana) kada ya gaza 0.50, amincin ma'auni tsakanin 0.70 da 0.95, HTMT (mai nuna ko ma'aunai biyu sun bambanta da juna) ƙasa da 0.85 ko 0.90, VIF (mai nuna ko suna maimaita juna) ƙasa da 5. Wannan 0.708 ba daga sama ya faɗo ba. Ninka shi da kansa ka sami 0.50, wato ma'aunin ya bayyana rabin bambancin amsoshin tambayar. Wadda ta faɗa tsakanin 0.40 da 0.708 ba a cire ta sai in cirewar za ta ɗaga AVE ko amincin ya haye iyaka. Amma gogewa a nan danna ɗaya ce, shi ya sa ake ganin ma'aunin da ya fara da tambayoyi 8 ya ƙare da 2. Komai ya yi kore, abin da aka auna kuma ya tashi daga abin da babi na biyu ya bayyana. Aminci da ya wuce 0.95 ma ba abin murna ba ne, alama ce an maimaita tambaya ɗaya da kalmomi daban.

Gwajin hasashe ana yinsa ta maimaita zaɓen samfur sau 5,000 ko 10,000, kuma darajar t da ta wuce 1.96 ita ce shaida a matakin kashi 5 cikin ɗari. Tsohon gwajin Q² na siga ta 3, mai auna iya hango sakamako, an cire shi, PLSpredict ya maye gurbinsa, don haka mai kwaikwayon tsarin tsofaffin kundaye zai sha nema.

Lasisin ɗalibai na kyauta bai wuce amsoshi 100 ba, wanda ba ya isar yawancin kundaye. Kada wannan ya sa ka fake da ƙa'idar nan ta "ninki goma", mai cewa samfur ya isa in ya ninka sau goma yawan kibiyoyin da ke shiga da'irar da ta fi karɓarsu. Ka lissafa yawan samfur da manhajar G*Power tun kafin ka raba takarda ko ɗaya.

Akwai kuma masana, irin su Mikko Rönkkö, da suka soki hanyar PLS kanta, don haka "samfurina kaɗan ne" ba hujjar zaɓen PLS ba ce a ranar kare kundi. Idan manufarka hasashen abin da zai faru ce, ko tsarinka yana da ma'aunai da kibiyoyi da yawa, SmartPLS ta dace. Idan tabbatar da kafaffiyar ƙa'ida kake yi, ka tattauna CB-SEM, ɗaya hanyar da ke gwada dacewar ƙa'ida da bayanai, da malamin da ke duba aikinka. Siga ta 4 ta haɗa da CB-SEM, a kan fayil ɗin da ka riga ka shigar.