Route 66: motar haya, mota mai ɗaki, babur ko jirgin ƙasa?

Wanda ya yi niyyar bin tsohuwar hanyar Route 66 a Amurka, ya fara yanke shawarar abin hawa tun kafin ya sayi tikitin jirgi, domin shi zai nuna masa inda zai iya shiga da inda zai kwana. Hanyar ta tashi daga Chicago ta dire Santa Monica da ke jihar Kalifoniya a bakin tekun Fasifik, kimanin kilomita 3,940, ta ratsa jihohi 8. An buɗe ta a 1926, aka soke ta daga jerin hanyoyin tarayya a 1985 bayan manyan tituna irin su I-40 sun janye mata motoci. Abin da ya rage gutsattsari ne: nan kwalta lafiyayya, can siririyar hanya duk faci, wani wurin kuma dole ka hau sabon titi ka sake sauka.

Ni dai motar haya matsakaiciya nake ba mutane shawara. Ba ta shan mai sosai, tana shiga kowane lungu, kuma ita za ta ba ka damar kwana a tsofaffin masaukan bakin hanya, waɗanda su ne rabin daɗin tafiyar. A masaukin Blue Swallow da ke garin Tucumcari a jihar New Mexico, fitilu masu launi suna kamawa da magariba, ga garejin mota manne da ɗakin kwana. A masaukin Wigwam da ke garin Holbrook a jihar Arizona kuwa, kowane ɗaki an gina shi da siminti mai tsinin kai. Ɗakunan kaɗan ne, sai an kama wuri da wuri.

Sai dai a buɗe ido wajen farashi. Wanda ya ɗauki mota a Chicago ya ajiye a Kalifoniya, yawanci akwai kuɗin ajiyewa a wani gari, kuma yakan kai ɗaruruwan daloli. Kada ka yarda da farashin rana ɗaya da aka rubuta da manyan baƙaƙe. Duba jimillar ƙarshe, da inshora a ciki, ka kuma tabbatar ba a ƙayyade maka nisan da za ka yi ba. Ɗan ƙasa da shekara 25 ana ƙara masa kuɗi, kuma yawancin kamfanoni sun fi son katin bashi na banki.

Babbar motar nan da suke kira RV, mai gado da kicin da banɗaki, tana jan hankalin masu iyali, kuma tana da amfani na gaske: za ka dafa abincinka. Musulmi zai gane darajar hakan, don gidajen abincin ƙananan garuruwa naman alade ya yi yawa a karin kumallonsu. Amma tana shan mai ninki biyu zuwa uku na ƙaramar mota, sau da yawa ana cajin kowane mil, ga kuɗin filin kwana. Abin da ya fi damuna shi ne za ta iya hana ka hanyar Oatman a Arizona, inda titi ya tsuke yana murɗewa a kan dutsen Sitgreaves, kafin ka gangara garin da jakuna ke yawo tsakiyar titi suna leƙa tagar mota. Wanda ya kewaye wannan ya yi asara.

Babur sai gwani mai lasisinsa. A Needles, cikin hamadar Mojave, zafin Yuli yakan haura maki 45.

Akwai kuma jirgin ƙasa na Amtrak mai suna Southwest Chief, daga Chicago zuwa Los Angeles, kwana biyu a hanya. Yana tsayawa a Albuquerque da Gallup da Winslow da Flagstaff da Kingman, amma ta Kansas da Colorado yake bi, ba ka ganin St. Louis ko Oklahoma ko Texas. Shi kaɗai bai isa a ce an bi hanyar ba. Amfaninsa ga mai ƙarancin lokaci ne: ka sauka Albuquerque, ka ɗauki mota daga nan.

Lokaci ma zaɓi ne. Bin hanyar gaba ɗaya yana son mako biyu ko fiye. Wanda ya matsa ya yi ta a kwana biyar, sabon titi kawai zai gani. Idan mako guda gare ka, ka ɗauki tsakanin Albuquerque da Kingman, ka tsaya Petrified Forest, gandun da itatuwan da suka zama dutse suke, da Seligman, garin da wanzami Angel Delgadillo ya jagoranci kafa ƙungiyar farfaɗo da hanyar a 1987. Shahararren kwazazzabon nan Grand Canyon ba a kan hanyar yake ba, amma daga garin Williams da ke kan hanyar tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna ce.

Satumba da Oktoba sun fi sauƙi. Afrilu zuwa Yuni lokacin guguwa ne a Oklahoma, a hunturu kuma Flagstaff, mai tudun kimanin mita 2,100, dusar ƙanƙara take sha, wasu ƙananan masaukai ma rufewa suke yi sai sanyi ya wuce.