Na'urar ma'aurata marar ɗamara: yabo da ƙorafi

Ni da maigidana mun sayo wannan na'urar ƙara jin daɗin saduwar aure ne ta intanet, irin wadda ba ta da ɗamara ko igiya, lanƙwasarta ce ke riƙe ta a jiki. A kwali marar rubutu aka kawo ta, ɗan aike bai san me ya ɗauko ba. Nan kam sun kyauta.

Jikinta silikon ne mai laushi, babu warin robar nan na masu arha, waɗanda ke tara ƙwayoyin cuta. Sai dai man santsi mai ruwa-ruwa take so; mai silikon yana ɓata ta. Basilin kuwa kada ma ki fara.

Ƙorafina, tana zamewa in motsi ya yi yawa, sai an kai hannu an gyara. Ƙararta in an kai ta matakin ƙarfinta na ƙarshe ma ta yi yawa ga mai yara a ɗakin kusa. Da USB ake cajinta, ki yi tun da wuta. Wanki da ruwan ɗumi da sabulu marar ƙamshi, kafin da bayan amfani, ta bushe sarai.

In kin ji zafi, ki dakata. Kuma ku yi shawara da maigidanki kafin saye, don tana da tsada.