Sarin Baluchari da na sayo a Bishnupur

Wata takwas ke nan da na sayi sarin Baluchari, wato irin dogon zanen nan da matan Indiya ke ɗaurawa, a garin Bishnupur, cikin gundumar Bankura ta jihar Bengal ta Yamma a Indiya. Na ɗaura shi sau biyar, don haka yanzu ina da bakin magana.

A gidan masaƙin na saye shi, ba a kanti ba. Ɗakin duk ƙarar ƙoshiya, ga jerin kwalaye masu huji rataye a saman masaƙar, su ne ke ɗaga zare ɗaya bayan ɗaya har hoto ya fito. Masaƙin ya ce min, "Didi, taɓa ki ji." Didi yaya ke nan a yarensu. Na taɓa, na kasa ajiyewa.

Nawa ja ne mai duhu, na alharini zalla. Duk kyansa yana gefen da ake yafawa a kafaɗa, wanda suke kira anchal. An saƙa keken doki, Krishna riƙe da linzami, Arjuna a bayansa da baka, daga Mahabharata, wani tsohon labari na mabiya addinin Hindu. Ba zane aka buga ba, zare ne. Irin waɗannan hotunan na gani a jikin tsofaffin wuraren bautar garin na jan bulo, waɗanda sarakunan Malla suka gina.

Asalin saƙar daga ƙauyen Baluchar ne kusa da Murshidabad, inda mai mulkin Bengal, Nawab Murshid Quli Khan, ya ɗaure mata gindi a ƙarni na 18. Sarin wancan zamani har sarakuna masu zuƙar shisha da Turawan kamfanin East India na Ingila ake saƙawa a jiki. Daga baya sana'ar ta kusa mutuwa, sai aka farfaɗo da ita a Bishnupur a ƙarni na 20.

Ni kamar laffaya nake ɗaura shi, kuma yana zama daram, ba ya zamewa. Amma yana da nauyi, ranar zafi sai kin yi gumi. Bayansa kuma zaruruwa ne a sake, awarwarona ya taɓa fizgo ɗaya, raina ya ɓaci ƙwarai. Ba a wanke shi da ruwa a gida, sai wankin kanti, wato dry cleaning.

Saboda hotunan mutane da ke jiki, ba na sallah da shi, kuma na san wasu ba za su ɗaura ba sam. Wadda wannan ya dama, sai ta nemi mai furanni kaɗai, akwai su. Nawa yana naɗe cikin farin ƙyalle na auduga, lokaci-lokaci ina warware shi in sauya ninkin don kada alharinin ya karye.