Woodhorn ko Caphouse: wanne za ka ziyarta?

'Yan uwa masu karatu a arewacin Ingila sun sha tambayata inda ya fi dacewa su je ganin tarihin haƙar kwal: Woodhorn ko Caphouse, tsoffin wuraren haƙar kwal biyu da aka mayar gidajen tarihi?

Woodhorn yana gefen Ashington a Northumberland, kusa da teku, garin da kwal ya gina kuma mahaifar ɗan ƙwallon ƙafa Bobby Charlton. An rufe mahaƙar a 1981. Yanzu gine-ginenta da injinanta ake nunawa, tare da zane-zanen da mahaƙan garin suka fara yi a 1934. Zuwa ya yi sauƙi tunda jirgin ƙasa daga Newcastle ya dawo aiki a Disamban 2024. Sai dai ana biyan kuɗin shiga, kuma komai a saman ƙasa yake.

Caphouse kuwa yana kusa da Wakefield a Yorkshire, an daina haƙa a 1985. Shiga harabar kyauta ne. A nan ake saka maka hular kwano da fitila, a saukar da kai mita 140 cikin ƙasa, tsoffin mahaƙa na yi maka jagora. Waya da duk abu mai batir a sama ake barinsu, saboda tartsatsi na iya tayar da iskar gas. Yaran da ba su kai shekara 5 ba ba sa sauka.

Mai iyali da ƙananan yara, ko mai tsoron matsatsin wuri, Woodhorn zai fi masa. Ɗalibin injiniya mai son ganin ramin da idonsa, ya nufi Caphouse.