Bayan Cikon Haƙori: Asuwaki ko Buroshi?

Tun da likita ya yi mini ciko a turmi, 'yan uwa a nan Makka suke ta tambayata wanne zan riƙe.

Asuwaki ba tsada, ga shi sunna, kullum yana aljihu, ba ruwanka da neman famfo. Sai dai da ƙyar yake kaiwa bayan turame, kuma in ka danna da ƙarfi dasashi zai yi jini. Buroshi da man goge baki mai sinadarin fulorayid kuwa, sau 2 a rana, yana ƙarfafa haƙori a gefen cikon, daidai inda rami ke sake ɓullowa. Bayan wata 3 a canza buroshin.

Direban da ke wuni a hanya, asuwaki zai rufa masa asiri da rana. Mai ciko da yawa, ko mai son shayi da sukari, kada ya kwanta bai goge da buroshi ba.