Ƙaramin otal a Legas: wanne za ka kama in kuɗinka a ƙirge suke?

'Yan uwa masu shigowa Legas sari ko neman biza ko jinya, tambayar dai ɗaya ce kullum, ina mutum zai sauka ba a tatse shi ba.

Ni zaɓina ƙananan otal ɗin nan ne da asalinsu gidan zama ne aka mayar masauki, bene hawa ɗaya ko biyu, ɗakuna ƴan kaɗan, a layukan cikin Ikeja ko ta wajen Agege. Manaja na nan kusa, famfo ya ƙi kawo ruwa ka san wanda za ka yi wa magana. Ga filin jirgin Murtala Muhammed kusa, ga Computer Village, kasuwar wayoyi da kwamfuta, ga jirgin ƙasa na Red Line da aka buɗe a 2024 yana tsayawa Agege da Ikeja ya kai ka har Oyingbo, ka huta da goslo. Agege kuma ai gida ce, kiran sallar asuba zai tashe ka, ka fito ka samu mai shayi da mai waina, da dare ga tuwo ga tsire, ciniki duk da Hausa.

Otal ɗin Victoria Island da Lekki a bar wa masu shi. Gidajen shotlet kuwa, wato gidajen da ake bada haya na ƴan kwanaki, kuɗin ajiyar da suke karɓa dawo da shi sai an kai ruwa rana. Mai jinya a LUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, shi kam ya nemi Idi-Araba.

Amma don Allah kafin ka biya ka yi maganar wuta. Kar ka ce "akwai wuta?", kowa zai ce akwai. Ka ce ƙarfe nawa ake kashe janareta, kuma yana ɗaukar esi ko fanka kawai? Wani otal ya taɓa kashe mana sha biyun dare, NEPA babu, ga zafi ga sauro, wallahi a zaune muka kwana kuma da safe ko haƙuri babu.

Sai macuta, nan ne babbar magana. Suna kwasar hotunan otal ɗin wasu su buɗe shafi a Facebook ko Instagram, su ce ɗaki ɗaya ya rage ka turo rabin kuɗi, ka iso ka tarar ba su ba labarinsu. Asusun da ke ɗauke da sunan mutum ba sunan otal ba, kar ka tura ko sisi. Mai tasin da ya nace sai ya kai ka wani wuri daban, kamasho yake ci. Wasu wuraren kuma mashaya ce a ƙasa, kiɗa har asuba, ana bada ɗaki na awa-awa, ba wurin kai iyali ba ne. Ka hau sama da kanka, ka ɗaga zanin gado, ka buɗe famfo, ka gwada sakata daga ciki, ka biya na kwana ɗaya tukuna ka karɓi rasit.